Kowane Tsuntsu Kukan Gidansu Yake Yi: Sharhi a Kan Zanen Yaran Ikara, Maƙarfi da Kudan

Gabatarwa

Bayan na kammala digirina na farko, na koma gida na yi zangon karatu biyu ina taimakawa da koyarwa a wata makarantar firamare a ƙasar Maƙarfi. Wata rana malamin da ke koyar da zane bai samu zuwa ba, aka tura ni in riƙe masa ajin. Da yake ban shirya komai ba, sai na sa kowane yaro ya ciro falle ɗaya daga tsakiyar littafinsa, na ce ya zana abin da ya fi so a garinsu. Abin da ya dawo hannuna ya sa na roƙi abokaina biyu, ɗaya yana koyarwa a ƙasar Ikara, ɗaya a ƙasar Kudan, da su yi wa ɗalibansu irin wannan tambaya su aiko mini da takardun. A kan waɗannan takardu ne na gina wannan sharhi.

Mai karatu na iya tambaya, mene ne abin sharhi a zanen yaro? Amsar ita ce, duk aikin da aka yi da hannu da tunani ya cancanci a auna shi, kuma a dā ma muna auna zanen yara, tunda muna ba su maki a kansa. Matsalar tana wajen ma'aunin. Ra'ayin da wannan maƙala za ta kare shi ne, zanen da yaro ya yi don yabon garinsu ana gane kyansa ne da yawan sanin garin da ke cikinsa, kuma ma'aunin da muke riƙe da shi a aji yana ɗaukaka kwaikwayo, yana danne wannan sani.

Gidan da babu shi a garin kowa

Mafi yawan takardun, daga ƙananan hukumomin uku, zane guda ne da hannaye daban-daban suka maimaita. Gida ne mai kusurwa huɗu da rufi mai tsini, taga biyu, ƙofa a tsakiya. A can kusurwar takarda ga rana da tsinkayenta, a gefe kuma ga itace mai kai kamar ƙwallo, ɗauke da jajayen 'ya'ya. Wasu ma har da bututun hayaƙi a kan rufin.

Bututun hayaƙi kayan ƙasashen sanyi ne, inda ake hura wuta a cikin ɗaki don ɗumi. Mu a nan hayaƙinmu daga murhu yake tashi a madafi. Itacen nan mai jajayen 'ya'ya kuwa tuffa ce, wadda yaron Kudan bai taɓa ganin ta a reshe ba, sai dai a faifan mai talla ko a shafin farko na littafin koyon Turanci. Ba ina kukan cewa yaran sun bar soro da zanko sun zana kwano ba ne, domin rufin kwano ya cika garuruwanmu, kuma yaron da ya zana kwanon gidansu da tsatsarsa da duwatsun da aka danne shi da su gaskiya ya faɗa. Abin damuwar shi ne wannan gida ba na kowa ba ne. An tambayi yaro abin da yake so, sai ya miƙo abin da ya san ana ba shi maki.

Akwai kuma rukuni na biyu, ƙarami, na waɗanda suka zana gadar sama da dogayen benaye da tutar ƙasa. Hannunsu ya fi na saura tsabta, sun yi amfani da rula, layukansu a miƙe. Amma gadar ta Kano ce ko ta Kaduna. Waɗannan yara sun riga sun yanke hukunci a zuci cewa garin da ya cancanci shiga takarda yana wani wuri.

Zane uku da suka cancanci a tsaya a kansu

A cikin tarin akwai 'yan kaɗan da suka kauce wa wannan hanya, kuma uku daga cikinsu sun isa hujja.

Na farko na wani yaro ne daga ajina, wanda ya zana wurin yin mazarƙwaila. Ƙasar Maƙarfi ta yi suna da noman rake, kuma wanda ya tashi a nan ya san yadda ake yi: a tura sandunan rake cikin injin matsa, doki yana zagayawa da doguwar sandar da ke juya injin, ruwan ya taru, a dafa shi har ya yi kauri, a zuba a ƙananan mazubai ya daskare. Injin mai ya fara karɓe aikin dokin, amma yaron doki ya zana. Ya cika tsakiyar takardar da babban da'ira, wato turbar da kofaton dokin ya fitar a ƙasa, kamar wanda ya hau itace ya leƙo. Dokin kuwa daga gefe ya zana shi, da ƙafafunsa huɗu a jere. Mutumin da ke tura raken ya fi dokin girma ninki biyu, kuma da na tambaya sai ya gaya mini mahaifinsa ne. A gefe ga tulin tuƙar rake, ya ja kibiya daga tulin zuwa ƙarƙashin tukunya, don a san da ita ake hura wutar.

Idan kamanni ake nema, wannan zane ya fāɗi. Ba a ganin wuri guda daga sama da daga gefe a lokaci ɗaya, kuma babu mutumin da ya fi doki girma. Amma baƙon da bai taɓa zuwa Maƙarfi ba zai iya duba takardar nan ya fahimci sana'ar daga matsa har zuwa dafawa, ya kuma fahimci cewa ba a zubar da komai. Da'irar ta riƙe ido, tana sa shi zagayawa tare da dokin. Girman mahaifin kuwa shi ne amsar tambayar da na yi, domin na tambayi abin da yake so ne, kuma ƙauna ce ta auna masa tsawon mutumin. Aibin zanen guda ne: rana mai tsinkaye ta sake leƙowa a kusurwa, ba ta da aikin komai, kamar harajin da ya biya wa makaranta.

Na biyu na wata yarinya ne daga ƙasar Ikara. Kusan duk takardar ja ce. Sai an matso da ita kusa ake gane cewa ƙananan da'irori ne masu ɗimbin yawa, kowanne da layi a tsakiya: tumatir ne da aka yanka aka shanya. A bakin takardar, can gefe-gefe, ga mutane ƙanana da kwanduna, ga wata akuya da ake kora. Zanen ba shi da tsakiya, ba shi da sama, ido bai san inda zai sauka ba. Wani zai ga wannan kasawa ce, ni kuwa ina ganin nan ƙarfinsa yake, domin haka shanya take a idon wanda ya tsaya a bakinta da rani, ja iya ganinka. Abokina ya gaya mini cewa jan fensirin kala da ake karɓa-karɓa a ajin ya ƙare mata a rabin aiki, sai ta aro jan biro ta ƙarasa. Saboda haka takardar ta fito da ja iri biyu, mai haske da mai duhu, kamar ɗanye da wanda ya fara bushewa. Ba zan ce da gangan ta yi ba. Abin da zan yaba mata shi ne ta ƙi canza launi, ta gwammace ta nemo wani jan.

Akwai abin lura a abin da ta bari. An kafa kamfanin sarrafa tumatir a Ikara tun farkon shekarun 1980, kuma duk babban da aka ce ya faɗi abin alfaharin garin zai iya farawa da shi, duk da ya sha tsayawa da tashi. Yarinyar ba ta zana shi ba. Ta zana abin da hannunta ya taɓa, wato dabarar da manomi ke tsira da ita idan kaya ya yi yawa farashi ya karye. Wanda ya tuna 2016, shekarar da tsutsar tumatir ta cinye gonaki har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin, ya san cewa takarda cike da ja addu'a ce ta shekarar albarka.

Na uku daga ƙasar Kudan ya zo, kuma shi ne ya fi kama zuciyata. Gida ne, amma an kwantar da katangunsa waje ta kowane ɓangare, kamar fatar da aka kafe don ta bushe. A ƙasa ga zaure da dattijo a kan tabarma. A ciki ga rumbu, ana ganin dammunan dawa ta cikin bangonsa. Ga rijiya, ana ganin ruwan da gugan a can ƙasa. Ɗaki ɗaya ya fi saura girma, an rubuta "kaka" a kansa. Gidan Bahaushe an gina shi ne don ya ɓoye cikinsa. Baƙo, ko da kyamara yake ɗauke da ita, katanga da zaure kaɗai zai samu. Yaro ne ke da izinin ratsa zaure zuwa tsakar gida, na gidansu da na maƙwabta, da aike ko da talla. Masaniyar halayyar al'umma Enid Schildkrout, wadda ta yi nazarin rayuwar yara a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda harkokin matan aure na cikin gida suka dogara da wannan zirga-zirga ta yara. Wannan zane shaidar haka ne. Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma gaskiya ne. Sai dai akwai lungun da yaro ke shiga wanda babba ba shi da ikon leƙawa.

Ma'aunin da muke auna su da shi

Abubuwan nan da muke kira kuskure, wato haɗa gani daga sama da na gefe, da nuna abin da ke cikin rumbu, da kwantar da katanga, masana sun daɗe da sanin su. Corrado Ricci ya wallafa littafi kan fasahar yara a Italiya a 1887. Bafaranshe Georges-Henri Luquet, wanda ya fara da bin diddigin zanen 'yarsa, ya bayyana a littafinsa na 1927 cewa akwai matakin da yaro ke zana abin da ya sani game da abu, ba iya abin da ido ke gani daga wuri guda ba. Yaron Kudan ya san akwai dawa a rumbu, don haka rumbun da ba a ga dawarsa ba ƙarya ne a wurinsa. A Biyana ta ƙasar Ostiriya, Franz Cižek ya buɗe ajin zane na yara a ƙarshen ƙarni na 19 bisa ƙa'idar a bar yaro ya fitar da nasa, kada a ɗora masa na manya.

Mu kuwa yaya muke yi? Darasin al'adu da fasahar ƙirƙira yana cikin manhajar firamare da hukumar NERDC ta tsara. Amma a azuzuwa da dama abin da ake yi shi ne malami ya zana kofi ko kifi ko gida a allo, yara su kwafa, wanda nasa ya fi kama da na malam ya fi maki. Ba na ɗora wa malamin laifi shi kaɗai. Sau da yawa ba fanninsa ba ne, ajin ya cika maƙil, babu kayan aiki, kuma kwafi ya fi sauƙin dubawa. Ni kaina, da na fara duba takardun, gadar saman nan ce ta fara burge ni, zanen dokin kuwa na ture shi gefe saboda dattin yatsu da ke jikinsa. Sai da na koma gida na sake dubawa na gane na yi zalunci. Haka kuma kafin su fara, tambayar farko da yaran suka yi mini ita ce ko za a ba da maki, kuma amsar da na bayar ta taimaka wajen haifar da gidan mai tuffa.

Kada kuma a zarce gona da iri a ce duk abin da yaro ya zana gwaninta ne. A cikin tarin akwai na ganda, akwai wanda aka kwafa daga na kusa, akwai wanda aka ja layi biyu aka ajiye. Yabon kowa daidai wa daida shi ma rashin kulawa ne, kuma yara suna gane shi. Abin da ya dace shi ne a sauya tambayar da mai dubawa ke yi wa takarda. Maimakon "Ya yi kama?" sai a tambaya: me wannan yaro ya lura da shi wanda na kusa da shi bai lura ba? Ya cika aikinsa ko ya gaji ya bari? Da an cire sunansa, za a gane daga wane gari takardar ta fito?

Fasahar da ba ta shiga aji

Wanda ya ga gidan mai tuffa kaɗai zai zaci yaranmu ba su da ido. To ya fita bayan gari da kaka, lokacin da kara ya wadata. Zai tarar da yaron da ya kasa zana kofi a aji ya zauna da reza yana feƙe ɓawon kara, yana soka shi a tsokar cikin, har babbar mota ta tashi da ƙafafunta masu juyawa. Zai ga an yi mata bodi, an ɗora mata guntayen kara a ɗaure kamar lodin raken da yaron ke gani yana wucewa a hanyar Zariya zuwa Kano ta Tashar Yari. Wani da gwangwani da waya yake yin tasa, wani da laka yake gina shanu da tozonsu, yarinya kuma ta yi wa 'yar tsanarta kitso da ɗaurin ɗankwali irin na yayarta. Ba malamin da ya zana musu waɗannan a allo. Daga kallon gari suka samo su, kuma kowace mota yabo ce ga abin da mai ita ya ga ya burge shi. Abin takaicin shi ne wanda aka kama da ita a aji, kwacewa ake yi.

Akwai kuma allon zayyana da ake riƙa wa ɗalibi ranar sauka, da layukansa masu saƙa da launukansa, wanda yaro ke gani tun yana ƙarami a makarantar allo. Wannan ya kawo mu ga damuwar iyaye da yawa game da zanen abu mai rai, damuwar da ba daidai ba ne a yi watsi da ita. Malamai sun yi bayani a kan mas'alar, kuma su ya kamata a koma wa. Abin da aka sani shi ne ba a hana zanen itatuwa da gine-gine da gonaki ba, kuma ya tabbata a hadisi cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana tana ƙarama. Yaron da gidansu ba a son ya zana doki yana da rumbu da rijiya da fadama da kasuwa a gabansa. Zanen shanyar tumatir, in aka cire 'yan mutanen da ke gefe, ya fi kusa da zayyana fiye da hoto.

Manyanmu ma ba su ji kunyar sa zamaninsu a bango ba. Maginan Zariya, garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'arsa a ƙarni na 19, sun riƙa ƙawata fuskar zaure da dagi da takobi, da keke da agogo suka shigo kuma suka sa su a ciki. Anthony Kirk-Greene ya wallafa ɗan littafi a 1963 kan waɗannan gidaje masu ado. Magini ya dubi abin da ke wucewa a ƙofar gida ya mai da shi ado, kamar yadda yaron mai motar kara ke yi.

Abin da ke cikin hatsari

Daga Hunƙuyi, hedikwatar Kudan, zuwa Zariya tafiya ce ta ƙasa da awa guda. A Zariyar ne, a 1958, wasu ɗalibai na kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya don ƙin amincewa da koyarwar da ke sa ɗan Najeriya ya yi zane kamar Bature. Suka nemi a haɗa dabarun da aka koyo da gadon gida, kuma suka zama jagororin fasahar zane ta zamani a ƙasar nan. Fiye da shekara 60 bayan haka, a maƙwabtan garin da aka yi wannan yunƙuri, yara na zana bututun hayaƙi.

Lamarin ya wuce batun zane. Yaron da aka nuna masa shekara shida cewa abin da ya sani ba shi da maki, darasin da zai ɗauka shi ne ilimi yana farawa ne daga inda garinsu ya ƙare. Irinsa ne zai girma ya ga noman rake ci baya ne, ya kuma kasa tunanin yadda za a inganta injin matsa ko a rage asarar tumatir, domin ba a taɓa ce masa ya zuba musu ido ba. Mai gyara abu sai ya fara da kallonsa da kyau, kuma zane hanya ce mafi arha ta koyon kallo. Kibiyar nan da yaron ya ja daga tuƙa zuwa wuta tunanin injiniya ce.

Sannan akwai batun adanawa. A birnin Nobgorod na Rasha an haƙo ɓawon itatuwa da wani yaro mai suna Onfim ya yi rubutu da zane a kansu a ƙarni na 13, har da inda ya zana kansa a kan doki. Yau masana tarihi na ji da su. Namu kuwa, fallen da ya tsira daga shara a ƙunshin ƙosai yake ƙarewa. Idan injin mai ya gama kore doki, wataƙila takardar yaron nan ce za ta rage tana nuna yadda da'irar take.

Kammalawa

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Malami ya rage zana wa yara a allo, ya fitar da su ƙofar makaranta su zana abin da ke gabansu. A karɓi motar kara da shanun laka a matsayin aikin aji. A gayyato magini ko mai zayyana ko mai ɗinkin hula na garin ya zauna da su ko sau ɗaya a zango. Ranar Yara ta 27 ga Mayu, bayan fareti, a liƙa ayyukan a bango iyaye su zo su gani, kuma masu zaɓen gwani su kasance da wanda ya san garin a cikinsu. Shugaban makaranta ya ware jaka guda ya riƙa ajiye zaɓaɓɓu, da shekara da sunan gari a bayan kowanne.

Takardu ukun nan suna wurina har yanzu. Kafin in bar makarantar na sake ba ajina aikin, na gaya musu babu maki, na kuma ce kada kowa ya zana abin da bai taɓa gani da idonsa ba. Gidan mai tuffa bai ɓace gaba ɗaya ba, amma ya ragu. A madadinsa na samu tsamiyar da ake zama a ƙarƙashinta, da teburin mai shayi, da amalanken shanu, da wata kwata da ta ratsa unguwa wadda mai zanen ya ce a nan suke tseren jirgin takarda da damina. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, in dai ba a riga an koya masa cewa kukan wani ne kaɗai ake saurara ba.